An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nasiha Kan Tsohuwar Motar Da Ta Ƙi Tashi

'Ya'yana da ƙannena, ku masu koyon tuƙi da kanikanci a garejojin Gashuwa da Nguru da Jajimaji, da ku yaran mota masu bin hanyoyin fadama. Akwai wata safiya da duk mai hulɗa da tsohuwar mota ya san irinta. An gama lodi, an ɗaure kaya, fasinja sun zauna, direba ya yi bismilla ya murɗa makulli, mota ta yi kunnen uwar shegu. Abin da mutum zai yi a minti goman farko na wannan safiya shi ke nuna ko bakanike ne, ko kuwa sifana kawai yake riƙe da ita. A kan waɗannan mintoci nake son in yi muku nasiha, kuma zan fara da wautar da na tafka da hannuna.

Ina saurayi na yi yaron mota a wata a-kori-kura Peugeot 504, irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna a wancan lokaci. Wata rana lokacin sanyi muka shiga Dagona ɗaukar bandar kifi. Tafkin garin cike yake da tsuntsayen nan masu tasowa daga Turai su yi hunturu a wurinmu, waɗanda saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya tako har Dagona a 1989. Mu dai ba kallon tsuntsu ya kai mu ba. Muka kwana a bakin ruwa, da asuba muka yi lodi, maigidana ya ba ta makulli. Injin yana juyawa lafiya lau, amma ta ƙi kamawa. Ya sake, ya kuma sake, har batir ya fara nishi. Sai ya diro ya ce, "Kabureta ce, kwance ta." Ni kuma da rawar jiki na kwance ta, na baje kayan cikinta a kan buhu bisa rairayi. Gasket ya yage a hannuna. Wani ɗan jet da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya gangara cikin yashi ya ɓace.

Rana ta take tsaka sai ga wani dattijo a kan keke, tsohon direban babbar mota da ya yi jigilar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Nguru a zamaninsa. Ya yi mana sannu, ya dubi abin da muka baje, ya ce da ni, "Yaro, da aka murɗa makulli me ta ce muku?" Na ce, "Baba, tana juyawa, kamawa ce ba ta yi." Ya ce, "Kun duba wuta?" Muka yi tsuru-tsuru. Ya ɓalle murfin distiributa ya nuna mana cikinsa, sharkaf da raɓar bakin tafki. Ya goge da gefen rawaninsa, ya yagi gefen kwalin ashana ya ɗan goga a bakin kontak, ya ce a buɗe makulli, ya ɗaga kontak ɗin da sukundireba. Muka ji ƙyas, shuɗin tartsatsi ya tashi daga wayar koyil. Ya miƙe yana kaɗe hannu ya ce, "Kun bar jaki kuna dukan taiki." Gyaran da ya yi bai kai minti biyar ba. Mu kuwa sai bayan la'asar muka tsinci jet ɗin, da rariyar da muka aro a wani gida, muna tankaɗe rairayi kamar masu neman zinariya.

Tun daga ranar na riƙe abu guda: kafin ka kwance, tambaya. Injin ba ya ƙarya, kuma bukatunsa ba su da yawa. Tun da Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera irin wannan inji a 1876, abu huɗu injin fetur yake nema. A juya shi. Ya shaƙi cakuɗen mai da iska. Ya matse cakuɗen. Sannan tartsatsin wuta ya sauka a kansa a daidai lokacin da ya dace. In waɗannan huɗun suka haɗu, dole ya tashi ko da ya girmi ubanka. In ya ƙi, ɗaya daga cikinsu ne babu, aikinka kuma shi ne ka gano wanne ne, kana farawa da mai sauƙin dubawa.

Tambayar farko direba za ka yi wa. Yaushe ta yi aiki na ƙarshe? Yaya ta mutu? Motar da ke tafiya ta ɗauke ɗif kamar an kashe makulli, ka fi zargin wuta. Wadda ta yi ta tari tana fizga kafin ta tsaya, ka fi zargin mai. A ina aka sha mai jiya, a gidan mai ko wajen 'yan bumburutu? Wa ya taɓa ta kwanan nan, me ya taɓa? Sau da yawa ciwon yana nan inda hannu ya taɓa na ƙarshe. Matambayi ba ya ɓata.

Daga nan sai kunne. Ka sa ta a firi, ka ja birkin hannu, a murɗa makulli kana saurare. In ka ji shiru, ko ƙas-ƙas, ko injin yana juyawa da kyar kamar mai ciwon baya, to maganar ba ta kai ga mai ba tukuna, tana tsakanin batir da kik. Ka kunna fitilun gaba a sake murɗawa. In suka dushe ko suka ɗauke, batir ya yi sanyi ko kawunansa ba su kama ba. In suna nan tar amma ba motsi, ka bi wayar makulli zuwa kik. Ka dubi kan batir, farin garin nan da ke taruwa a wurin ya isa ya hana mota tashi, kuma kan da ya yi zafi bayan an murɗa makulli yana gaya maka a sake yake. Kada ka manta da wayar da ta ɗaure batir da jikin mota, ita ce aka fi mantawa. Mai mita ya auna: cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in kuwa ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da kik ke juyawa, ya gaza. Kuma kada ka danne makulli fiye da daƙiƙa goma a jere, ka bar kik ya huta. A Dagona ba mai cajin batir a gindin kowace bishiya, tura mota mai lodi a rairayi kuwa wanda ya yi shi ya san daɗinsa.

In injin yana juyawa da ƙarfinsa, to ka duba wuta kafin mai. Dalili biyu ne. Dubawar ba ta cin minti biyu, sannan yawancin laifin da ake ɗora wa kabureta a tsofaffin motoci na wuta ne. Ka zare wayar fulogi ɗaya, ka sa mata wani fulogin da kake ajiye da shi, ka kwantar da shi a jikin ƙarfen injin, a murɗa. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana ƙara kana ji. Mai ja-ja ko ruwan ɗorawa, siririya, ba lalle ta iya kunna mai a cikin matsi ba. In babu wuta a fulogi, ka bi ta da baya kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata. Ka zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin. In wuta ta fito nan, koyil da kontak sun kuɓuta, laifin yana ga murfi ko rota: damshi, tsagewa, ko ɗan gawayin tsakiyar murfi ya cinye. In nan ma babu, ka ɗauki ƙwan fitila mai waya biyu ka gani ko wuta tana isa koyil in an buɗe makulli. In tana isa, saura kontak da kondensa.

Ku fahimci aikin kontak, don wanda ya fahimce shi ya rage rabin wahala. Koyil yana karɓar bolt 12 na batir ya mayar da shi dubbai, amma ba ya sakin wannan wuta sai a lokacin da kontak ya buɗe. In bakinsa ya yi datti ko ya ƙone, wuta ba ta ratsawa. In 'yar robar da ke ɗaga shi ta cinye, ba ya buɗewa sam. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan motoci kimanin milimita 0.4 ce, ta fulogi kuwa tsakanin 0.6 da 0.8. Kondensa kuma shi ke hana wuta cin bakin kontak. In ka ga bakin ya yi rami, yana tartsatsi mai yawa, ga wutar koyil ba ƙarfi, ka zarge shi.

Fulogi da kansa shaida ne, ka kwance ɗaya ka karanta shi. In ya fito jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa, ko dai ya yi yawa ko ba wutar da za ta cinye shi. In ya fito a bushe ƙayau bayan an yi ta murɗawa, mai ba ya isowa. Baƙar toka kamar gindin tukunya alamar mai ya rinjayi iska ne, maiƙon baƙin mai kuwa labarin ringi yake ba ka. Kafin ka zare wayoyi duka, ka yi musu alama. A yawancin injina masu fulogi huɗu wuta tana bin 1, 3, 4, 2 ne. Na sha ganin yaro ya wanke inji tsaf ya mayar da wayoyi a hargitse, mota tana ta harbi ta salansa, shi kuma yana neman wanda ya yi masa asiri.

Sai ka tabbatar da wuta sannan ka juya ga mai, nan ma daga tanki za ka fara. Allurar mai a tsofaffin motoci ta daɗe da daina faɗin gaskiya, ka auna da kanka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 direbobi da yawa lita biyar-biyar suke sha, mota kullum tana tsotsar gindin tanki, inda tsatsa da laka da ruwa suke kwanciya. Da injin a kashe, ka cire matatar iska, ka leƙa maƙogwaron kabureta, ka ja totur da hannu sau biyu. In ka ga siririn mai ya yi tsartuwa, akwai mai a cikinta. In babu, ka cire wayar da ke kai wuta koyil don gudun gobara, ka zare tiyon da ke shiga kabureta ka sa bakinsa cikin farar kwalba, a murɗa. Lafiyayyen famfon mai yana tofo shi da ƙarfi, bugu bayan bugu. In bai zo ba, ka duba filtar mai, ka duba tiyo ko ya tsage yana shan iska, ka buɗe murfin tanki ka ji ko zai yi huci, don in ƙofar numfashinsa ta toshe mai ba ya fita. Ka zaro sandar gwada baƙin mai ka sunsuna. In kana jin fetur, fatar cikin famfo ta fashe. Kwalbar nan kuma ka ajiye ta ta natsa, ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa.

Wani lokacin yawan man ne ciwon. Kabureta ma'auni ce, tana haɗa kimanin kashi 15 na iska da kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. A cikinta akwai ɗan kwano, da abin da ke iyo a kan man, da allurar da ke rufe ƙofa in kwanon ya cika, kamar dai fulot ɗin tankin ruwa. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bakin allurar, mai ya yi ambaliya, injin ya shaƙe. Za ka ji wari, wataƙila ka ga yana ɗiga. Direban da ya yi ta famfa totur yana ƙara wa Barno dawaki ne. Maganin shi ne a taka totur har ƙasa a riƙe, a tabbatar cok a buɗe yake, a murɗa har iska ta share man. Ɗan ƙwanƙwasa gefen kwanon da ƙotar sukundireba yakan saki allurar.

In duk wannan ya nuna cikin kabureta ne, to yanzu ka sami izinin buɗe ta. Ka nemi faranti ko tsumma mai tsabta, nesa da rairayi da iska. Ka jera kayan yadda ka ciro su. Sukurun daidaita mai, ka ƙirga juyi nawa yake kafin ka fitar da shi. Jet kuma hura shi ake yi da iska, kada ka zura masa allura ko waya. Ramin an auna shi ne tun daga masana'anta, in ka faɗaɗa shi ka bar wa mai mota shan mai har ranar da zai sayar da ita.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne matsi da lokaci, kuma kunne yakan riga hannu ganewa. Injin da ke juyawa da sauri fiye da kima, sumul ba tirjiya, ya rasa matsi. Ka cire fulogi, ka cire wayar koyil, ka toshe ramin da babban yatsa a murɗa, lafiyayyen silinda zai ture yatsan. Baƙin mai da ya koma kamar koko, ko kumfa a lagireto, gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. In kuma ga wuta ga mai amma tana tari ta kabureta, a duba ko an juya distiributa ko sarƙar tayimin ta yi tsalle. Wannan ya wuce gyaran bakin hanya. Ka faɗa wa mai mota gaskiya a ja ta zuwa gareji.

Ƙasarmu ma tana da nata hannu a ciki, kowane yanayi da cutarsa. A bazara, Afrilu da Mayu, zafin Nguru da Gashuwa yana haura digiri 40. Mota ta yi doguwar tafiya, a kashe ta a tasha, a dawo bayan minti goma ta ƙi tashi. Fetur ne ya tafasa a cikin tiyo da famfo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. Ka buɗe bonet, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon da bututun, ka je ka sha shayi ka dawo. A hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska, ga sanyin asuba da ke bukatar cok. Kada ka yarda da masu cire matatar su yar wai don mota ta numfasa, yashin da zai shiga shi zai cinye ringi. Da damina kuwa, lokacin da ruwan Kumadugu ya malale fadamu, damshi ke shiga distiributa. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa har ana zaton ta shaƙa, kada a murɗa makulli. A cire fulogai duka tukuna a fitar da ruwan, domin ruwa ba ya matsuwa, sai dai ƙarfen fiston ya lanƙwashe.

Ku kula da rayukanku. Kada ka zuƙi fetur da baki, in ya sarƙe ka ya shiga huhu asibiti ne. Kada ka ɗora fuskarka a kan kabureta ana murɗa makulli, takan yi aman wuta. Kada ka tsiyaya mata mai daga jarka injin yana juyawa. Ba ashana ba taba kusa da batir, iskar da yake fitarwa tana kamawa. In za ka cire batir, ka fara da wayar da ke jikin mota. Babbar riga da rawani kuma a naɗe su kafin a sunkuya kusa da fanka.

Na san wani zai ce, "Baba, wannan ai zance ne na da, motocin yanzu kwamfuta ake jona musu." Haka ne. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki tun 1975, motocin wancan zamani suna ƙarewa. Amma ka leƙa fadamun Bade da rani ka ƙirga injinan ban-ruwa da ke shayar da shinkafa da tattasai da albasa. Ka ƙirga janareto da babura. Kusan dukkansu kabureta ce a jikinsu, kuma abubuwan nan huɗu su ne dai. Motar kwamfutar ma, in na'ura ta nuna lamba, sai mai tunani ya san inda zai bi. Ko kana Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ko kwalejin fasaha ta Mai Idris Alooma a Gaidam, ko kana gindin bishiyar maina da maigidanka, wanda ya koyi bin ciwo daki-daki a kan tsohon inji ba zai rasa abin yi ba.

Saura maganar amana, ita ce ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Bakaniken da ke gyara da canki-canka, yau ya ce a sayo koyil, gobe famfo, jibi kabureta sukutum, kuɗin wani yake gwaji da su. Mai motar nan wataƙila bashi ya ci, kayan da ya ɗauko kuma na talakawa ne masu sauri su riski kasuwa. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, don ka san wanne ne ya yi maganin. Ka mayar wa mutum tsohon kayansa a hannu. In waya ce kawai ta sake, ka ce waya ce, ka karɓi ladan gano ta, don ganowar ita ce aikin. In ba ka gano ba, ka ce ba ka gano ba tukuna, ka kira wanda ya fi ka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a garuruwa irin namu labarin bakanike yana riga shi isa tasha.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka ratse daga titin Nguru zuwa Gashuwa ka nufi ƙauyukan bakin ruwa, ka tabbatar a aljihun motarka akwai fulogi ɗaya mai kyau, da kontak da kondensa da rota, da sifanar fulogi, da ƙwan fitila mai waya, da ɗan sanfefa, da busasshen tsumma, da farar kwalba. Dukkansu ba su cika ƙaramar leda ba.

Don haka ɗana, ranar da mota ta ƙi tashi, fasinja suna ta surutu a kanka, wani daga baya yana cewa kabureta ce, ka ajiye sifana tukuna. Ka tambayi direba, ka saurari injin, ka duba wuta, sannan mai, sannan matsi. Kada ka kwance abin da ba ka kama shi da laifi ba. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya sa ku ci halalinku, Ya kai mu gida lafiya.